Darasin Aikatau: A Fara wa Ƙannenmu da Abin da ke Bakinsu



Mu ƴan aji na ƙarshe na kwaleji, da aka ba mu fili a ɗan littafin bana, mun zauna mun yi shawara a kan abin da za mu rubuta. Wasu sun ce a yi maganar tsabtar makaranta, wasu sun ce a yi ta zuwa a kan lokaci. A ƙarshe baki ya zo ɗaya a kan darasin aikatau, wanda malamin Larabci ke kira fi'ili, mushen Faransanci kuma ya kira shi verbe. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. Mu dai da muke zama da ƙannenmu bayan sallar isha'i muna duba musu kaye, mun san a nan ne yaro ke fara raina kansa. Yana shiga CE2 da kuzarinsa, yana zuwa CM1 sai ka ji ya ce shi kansa ba ya ja. In maki ya faɗi sau biyu sau uku, uba ya fara lissafin ko a kai shi gareji ko kasuwa, in yarinya ce kuwa kowa ya san maganar da ke biyowa. To abin da ke iya fitar da yaro daga aji bai kamata a kira shi ƙarami ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: a koya wa yara nau'o'in aikatau guda uku, wato na aiki, na taimako da na haɗi, ta hanyar farawa da Hausar da suke yi a gida, sannan a haye da su zuwa Larabci da Faransanci. Kuma malaman harsunan biyu su san abin da kowannensu ke koyarwa, don yaro ya gane cewa sau da yawa abu ɗaya ake faɗa masa da suna biyu.

Inda matsalar take farawa

Ma'anar da kusan kowannenmu ya fara haddacewa ita ce: aikatau kalma ce mai nuna aiki. Yaro ya karɓa, ya rera, ya rubuta a kan ardwaz. Ana ba shi misalin ci, sha, tafi, rubuta, sai ya ga magana ta zauna. Bayan mako biyu sai a ce masa être ma aikatau ne, sembler ma haka, kana ma fi'ili ce. Yaron da ke da wayo sai ya tsaya yana tambayar kansa, to wane aiki aka yi a cikin “la maison est grande”? Gida dai yana nan tsaye, bai motsa ba. In yana da ƙarfin hali ya tambaya, in ba shi da shi ya yi shiru ya ɗauka laifin kansa ne.

A Hausa ma wannan ma'ana ba ta tsayawa da ƙafarta. Dariya aiki ce da kowa ke gani, barci da magana ma haka, amma dukkansu sunaye ne. Ba mai cewa “ya dariya” ko “ta barci”. Sai an kawo yi: ya yi dariya, ta yi barci. Kai, ita kanta kalmar “aiki” suna ce. Ke nan yaron da aka ce ya ja layi ƙarƙashin kalmar da ke nuna aiki a cikin “inna ta yi magana”, in ya ja ƙarƙashin magana ya bi abin da aka koya masa daidai, kuma za a ba shi jan bik.

Malaman nahawu na da sun san wannan. Shi ya sa a cikin Ajurumiyya, ɗan littafin da Ibn Ajurrum mutumin Fas ta ƙasar Maroko ya rubuta, wanda ya rasu a 1323, ana gane fi'ili ne ta alamominsa, wato ƙananan kalmomin da yake karɓa a gabansa kamar ƙad da saufa, da kuma harafin ta da ake liƙa masa in mai aikin mace ce. Faransanci ma yana da nasa gwaji: kalmar da za ka iya sakawa tsakanin ne da pas, ko wadda ke canza kama in ka ce jiya ko gobe, ita ce verbe. Hausa kuma nata ya fi sauƙi: kalmar da za ta zauna kai tsaye bayan ya, ta, sun, ita ce aikatau. Ya ci, ta san, sun zama. Wannan gwaji yaron CE1 zai iya yinsa da bakinsa ba tare da an rubuta komai a allo ba, domin kunnensa ba zai yarda da “sun dariya” ba. Muna roƙon a fara da gwajin, ma'anar ta biyo baya.

Aikatau na haɗi: a ƙirga mutane

Ku dubi jimla ɗaya a harsunanmu uku. Balarabe ya ce al-baitu kabirun, kalma biyu, mubtada'i da habari, babu fi'ili ko ɗaya. Bahaushe ya ce gidan babba ne. Bafaranshe ya ce la maison est grande. Larabci bai sa komai a tsakani ba, Hausa ta sa ne a ƙarshe, Faransanci ya sa est a tsakiya. Ne da ce ɗin nan kuwa ba aikatau ba ne, masana Hausa suna kiransu dirka: ba sa karɓar ya ko ta, ba sa canzawa don jiya ko gobe. Saboda haka in ƙanenmu ya rubuta “la maison grande” ya sa aya, ba dolonci ne ya sa shi ba. Da safe an koya masa jimla marar fi'ili an ce ta cika, a gida yana jin jimla marar aikatau kowa na ganewa, da yamma kuma aka ce jimla ba ta yiwuwa sai da verbe. Ba wanda ya zauna ya gaya masa cewa dokar ta Faransanci ce kawai. Minti biyar ya isa a gaya masa.

In aka koma lokacin da ya wuce, Larabci sai ya kira kana: kanal baitu kabiran. Faransanci ya juya est ta zama était. Hausa kuwa sai ta ce da can gidan babba ne. A nan ne yaro ya kamata ya ga cewa kana da être aiki ɗaya suke yi a wannan wuri: suna ɗaure abu da siffarsa, suna kuma faɗin lokaci. Kana da ƴan uwanta su goma sha uku ne a yadda muka haddace, daga cikinsu akwai sara, asbaha, amsa, zalla, laisa. Jerin verbes d'état na Faransanci kuma ya ƙunshi être, devenir, rester, demeurer, sembler, paraître. Mun haddace jeri na farko a wani aji, na biyu a wani aji, mun yi shekaru ba mu ga cewa sara ita ce devenir, kuma ita ce zama da muke faɗa kullum. Ya zama malam. Hausa tana da nata jerin: zama, kasance, koma.

Ga dabarar da muke amfani da ita da ƙannenmu, kuma tana aiki: a ƙirga mutane. “Yaro ya zama ɗan kasuwa.” Mutum nawa ne a jimlar? Ɗaya, yaron shi ne ɗan kasuwar. “Yaro ya ga ɗan kasuwa.” Mutum nawa? Biyu. In ɗaya ne, aikatau na haɗi ne. In biyu ne, na aiki ne, kuma na biyun shi ne wanda aikin ya faɗa wa. Yaro ɗan shekara takwas yana amsa wannan tun kafin ka rufe baki.

Amfaninta ya fi fitowa a li'irabi. Saral waladu tajiran, da ra'al waladu tajiran: a duka biyun tajiran tana da fataha biyu, ido ba zai raba su ba. Amma ta farko habarin sara ce, ta biyu maf'uli ce. Duk wanda ya zauna jarrabawar nahawu ya san yawan makin da ke zubewa a wannan rami. A Faransanci ma ramin yana nan da wani suna: le garçon devient commerçant, attribut ne, le garçon voit un commerçant, complément d'objet ne. Tambaya ɗaya ta Hausa, mutum nawa ne, tana fitar da yaro daga ramukan biyu.

Ita ce kuma ke nuna masa cewa kalma ɗaya tana iya shiga wannan nau'i yau, gobe ta shiga wancan. “Ya koma gida”, tafiya ce ya yi. “Ruwa ya koma ƙanƙara”, ruwan shi ne ƙanƙarar. Haka rester take: il reste au village, ya tsaya a ƙauye, il reste calme, shi ɗin ne mai natsuwar. Wanda ya haddace jeri kawai, duk inda ya ga rester zai rubuta verbe d'état ya wuce.

Sai maganar accord, wadda ke cinye maki a dikte. Ana koya ta kamar wata baƙuwar doka da ta zo a jirgi. Alhali wace yarinya ce a Birni ko Zango za ta ce “yarinyar dogo ne”? Kowa cewa yake yaron dogo ne, yarinyar doguwa ce, yaran dogaye ne. Wannan shi ne il est grand, elle est grande, ils sont grands. Shi ne kuma tawilun, tawilatun, tiwalun. Yaro yana yin accord da bakinsa tun kafin a sa shi lakkol. Abin da ya rage a nuna masa shi ne Faransanci yana rubuta wasu haruffan da ba a furtawa, sai hannu ya tuna abin da kunne bai ji ba.

Aikatau na taimako: wanda in ya tsaya shi kaɗai sai a jira

A ce wa yaro, “Baba ya sayar.” Zai tambaya, me ya sayar? A ce masa, “Baba ya fara.” Zai tambaya, ya fara me, wane aiki? Bambancin ke nan. Na farko yana jiran kaya, na biyu yana jiran wani aiki. Hausa cike take da irin waɗannan: fara, daina, riƙa, dinga, sake, ƙara, taɓa, kusa, iya, kasa. Ya fara karatu, ta daina kuka, sun riƙa zuwa, na kusa gamawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to su ɗin hannu na biyu ne, babban aikin yana wurin kalmar da ke biye.

Kuma da yawansu suna da aikin kansu in an bar su. “Ya taɓa wuta” hannu ne ya kai. “Ya taɓa zuwa Agadas” ba abin da ya taɓa da hannu. “Ta ƙara gishiri” da “ta ƙara tambaya” ma haka. In yaro ya yi wasa da waɗannan na minti goma, ya kawo nasa misalai, sai a rubuta masa: il a un mouton, il a vendu un mouton. A na farko avoir mallaka ce, yana da rago. A na biyu ba shi da rago ma, ya sayar, avoir ta zo rakiya ne kawai don ta nuna aikin ya wuce. Elle est fatiguée, être tana haɗi. Elle est arrivée, être tana taimako. Mun gwada da ƙannenmu, wanda ya gane taɓa guda biyu ba ya wahala da avoir guda biyu.

Akwai wani kama da ya ba mu mamaki da muka lura da shi. Bafaranshe yana cewa je vais au marché, yana kuma cewa je vais manger. Kalmar tafiya ce ya ara don nuna abin da ke zuwa. Mu ma muna cewa za ni kasuwa, muna kuma cewa za ni ci, ko zan ci. Larabci ma yana da irin nasa: akhazal waladul ƙalama, yaro ya ɗauki alƙalami, amma akhazal waladu yaktubu, yaro ya fara rubutu. Kada kuma ita ce kusa tamu: kadal waladu yasƙutu, yaro ya kusa faɗuwa. Waɗannan babuka ne da ake jin tsoronsu a nahawu, ga su nan a bakin kakanninmu.

Kuskuren da ya fi yawa a kayen ƙannenmu shi ne zaɓi tsakanin être da avoir. Sai ka ga “il a parti”, ko “je suis mangé”. Ja masa layi kawai ba ya gyara shi, gobe zai sake. Amma ka fassara masa abin da ya rubuta: ka ce an cinye ka ke nan, wa ya ci ka, kura? Zai yi dariya, kuma ba zai manta ba. Masu tafiya da être kuwa, yawancinsu na zuwa da dawowa ne: aller, venir, partir, arriver, entrer, sortir, monter, descendre, tomber, rester, da naître da mourir. A sa yara su tashi su shiga, su fita, su hau benci, su sauka, suna faɗa da Hausa sannan da Faransanci. Sai a gargaɗe su cewa marcher da courir, duk da tafiya ce da gudu, avoir suke bi. Wannan kam sai hadda, ba dabarar da za ta maye gurbinta. Sannan a nuna musu cewa harafin e na “elle est partie” ɗan uwan e na “elle est grande” ne, duk inda être ta shiga tsakani tana jawo daidaito da mai aikin.

Inda harsunan ba su yi daidai ba

Ba muna cewa kowace kalma tana da tagwai a ɗaya harshen ba. In aka koya wa yaro haka an sake jefa shi wani rami. Faransanci yana nuna lokaci a wutsiyar aikatau: je mange, je mangeais, je mangerai. Hausa ba ta taɓa wutsiyar ci don lokaci, gaba take canzawa: na ci, nakan ci, zan ci. Larabci yana taɓa gaba da baya duka. Kanal waladu yal'abu fi'ili biyu ne, le garçon jouait ɗaya ne, mu kuma mu ce a lokacin yaron yana wasa. A li'irabi ma ba a kiran kana mai taimako a nan, cewa ake jimlar yal'abu habarinta ce. Sa da saufa suna nuna abin da ke zuwa kamar yadda aller ke yi, amma su haruffa ne. J'ai faim ba “ina da yunwa” muke cewa ba, ina jin yunwa muke cewa. J'ai dix ans kuma shekarata goma, babu aikatau ko ɗaya. Il est vieux, mu sai mu ce ya tsufa, abin da suka faɗa da siffa mu mun faɗe shi da aikatau.

Waɗannan wuraren saɓani su ne suka fi buƙatar a faɗa wa yaro a fili. Ko an hana shi, a cikin kansa fassara yake yi daga Hausa. In malam bai san inda fassarar ke karkata ba, zai riƙa ganin kuskure iri ɗaya a kaye sittin yana mamakin inda ya fito. In kuwa aka ɗora jimlolin uku a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, yaro zai ga inda suka haɗu da inda suka rabu, ya san wurin da zai yi hattara.

Abin da masu ja da mu ke cewa

Mun kai wannan magana wurin wasu manya, kuma ba kowa ne ya yarda ba. Dalilansu na da nauyi, ya kamata mu kawo su.

Na farko suka ce in aka buɗe wa Hausa ƙofa a aji, ba za ta fita ba, yara za su daina ƙoƙarin yin Larabci da Faransanci. Wannan tsoro yana da tushe, domin harshe sai da yawan furtawa, kuma aji ne kaɗai wurin da yawancinmu ke jin waɗannan harsuna. Amsarmu ita ce abin da muke nema yana da iyaka: minti goma a farkon sabon babi, sannan a rufe, a koma harshen darasi. Iyayenmu suna ba mu labarin sambol, abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a lakkol. Ya sa yara shiru, wannan ba shakka. Yaron da ke rera jerin être daga je suis har ils sont ba tare da ya san abin da take yi a jimla ba, har yanzu bai fara Faransanci ba.

Na biyu suka ce hadda ita ce hanyar malamai, da ita aka yi manyan masana. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar ta ba. Jerin kana da ƴan uwanta sai an haddace, konjigezon ma haka. Amma ku tuna yadda ake karatun littafi a zaure: almajiri ya karanta Larabci, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, ya yi bayani, sannan a wuce. Haka aka karantar da Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Abin da muke roƙo tsohuwar hanyar zaure ce, a shigo da ita aji, a ba darasin Faransanci ma rabonsa.

Na uku suka ce ba duka yara ne Hausawa ba, akwai Barebari, Fulani, Abzinawa da Tubawa a cikinmu. Wannan ma haka ne, a cikin masu rubuta wannan ma akwai su. Amma a nan Damagaram, daga Kasuwar Dole har filin ƙwallo, da Hausa muke haɗuwa. Kuma inda yaro ya fi ƙarfi a harshen gidansu, malam zai iya tambayarsa, ku yaya kuke cewa gidan babba ne? Ya faɗa, a rubuta layi na huɗu a allo. Ba abin da aka rasa, yaron kuma ya ga harshensu ma yana da nahawu.

Na huɗu suka ce lokaci ba ya isa, tsarin karatu ya yi yawa, ga aji cike. Malamanmu sun fi mu sanin wannan nauyi, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai a lissafa lokacin da ke tafiya wajen maimaita passé composé a CM1, a sake a CM2, a sake a sixième, har mu da ke shirin BEPC ana sake mana. Ga Ingilishi kuma yana jira a kwaleji da nasa be da have da do, masu aikin haɗi da taimako su ma. Wanda ya gane nau'o'in uku sau ɗaya da kyau, ya rage wa malamai uku wahala.

Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu. Madarasa ta farko mai haɗa Faransanci da Larabci an buɗe ta a Say tun 1957, ke nan zaman harsuna biyu a aji ɗaya ya daɗe. A nan Damagaram aka fara makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973. A 2025 kuma kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ba wannan matsayi bai kamata ya tsaya a bakin ƙofar aji yana jiran a tashi ba.

Abin da muke roƙo

Ga malamanmu, abu uku. Na ɗaya, malamin nahawu da mushen Faransanci na kowane aji su zauna sau ɗaya a farkon kowane zango, ko da na rabin awa ne, su dubi inda babukansu suka haɗu. In zai yiwu, makon da ake kana da ƴan uwanta ya zama makon verbes d'état. Na biyu, a manna babbar takarda a bangon kowane aji daga CE2 zuwa CM2, mai layi uku, Hausa, Larabci, Faransanci, yara su riƙa cika ta da misalan da suka kawo daga gida, daga gona, daga wurin masu sayar da ƙosai. Na uku, in an ja wa yaro layi a kaye, a rubuta masa kalma ɗaya a gefe, haɗi ko taimako, don ya san wace ƙofa ce ya ɓata.

Ga iyayenmu, musamman waɗanda ke cewa su ba su yi boko ba, ba su da abin taimakawa: kuna da shi. In yaro ya dawo, ku ce ya ba ku labarin abin da ya gani a hanya. Ku tambaye shi wa ya yi, me ya yi, ya gama ko yana kan yi. In kaka ta yi tatsuniya ta ce kura ta zama amarya, ku tambaye shi mutum nawa ne a nan. Nahawu ke nan, ko ba a kira sunansa ba. Kuma don Allah, kafin a yanke hukuncin cire yaro saboda makin zango ɗaya, a zo a ga malaminsa, a duba kayen tare. Sau da yawa kuskure ɗaya ne yake maimaituwa shafi bayan shafi, kuma yana gyaruwa.

Ga ƴan uwanmu na kwaleji: mu ma akwai namu. Mun yi alkawari a tsakaninmu cewa kafin mu bar makarantar nan, kowannenmu zai riƙe yara biyu na CM1 ko CM2, ya zauna da su sau ɗaya a mako na rabin awa, da ardwaz da alli. Tambayoyi uku kawai za mu riƙa yi musu a kan kowace jimla. Wace kalma ce ke zama bayan ya ko ta? Mutum nawa ne a jimlar? In an tsaya a nan, kaya ake jira ko wani aiki? Muna kira ga ƴan quatrième da za su gaje mu su karɓa daga inda muka tsaya, su kuma rubuta a ɗan littafin baɗi abin da suka gani, ko ya yi amfani ko bai yi ba, don malamai su sami abin dubawa.

Ga ku kuma ƙannenmu, in an karanta muku wannan: ranar da darasi ya shige muku duhu, ku ɗaga hannu ku ce, Malam, a faɗa mana da Hausa sau ɗaya. Matambayi ba ya ɓata.



Daga ɗaliban aji na ƙarshe na kwaleji.